Kofin da Na Ajiye

Amman, Litinin

Zuwa ga ɗan'uwana Abu Firas,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Ummu Firas da yara. Yaya gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi.

Ƙungiyar nan da muka kafa tare, mai raba wa kamfanoni adireshin intanet, ta zama tashar mota. Tun da Dakta Nidal ya zama darakta injiniyoyi ke ta watsewa. Na ci kunafa, kayan zaƙin da ake rabawa a walimar ban kwana, har ta gundure ni. Ni kuwa ina nan a kwamitin sa ido, na zuba ido ana fita.

Ka tuna ƙa'idar da ka rubuta da hannunka, cewa duk mai barin aiki sai kwamiti ya ji dalilinsa? Muna ji kuwa, amma Dakta na zaune, shi ke zuba gahawa. Wa zai kai ƙarar mutumin da zai rubuta masa takardar shaida? Kowa sai ya ce Dubai ce ta kira shi.

Yanzu abin ya zo kan Rula, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda ka horar. Ta gaya mini matsa mata ake yi ta ba wasu kamfanoni adireshi ba a kan layi ba. In kwamiti zai saurare ta ba tare da Dakta ba, za ta janye takardar barin aikin da ta miƙa. In ba haka ba, ranar Alhamis sai wata rana, ta tafi ke nan. Gobe muke zama, ka sa ni a addu'a.

Naka,
Mazin

Amman, Laraba

Abu Firas,

Ina gaisuwa, da fatan ka tashi lafiya. Ni dai ban tashi da daɗi ba.

A zaman jiya na yi abin da iyayenmu ke yi in sun zo da buƙata: aka miƙo gahawa, na ajiye kofin ban sha ba. Ka san ba a sha sai an biya buƙatar. Shugaban kwamiti ya dafa ƙirji, ya ce in faɗi, an riga an biya mini. Na ce a saurari Rula ba tare da Dakta ba. Kowa ya amince, har Dakta, yana murmushi. Daɗi ya kwashe ni, na ɗaga kofin na shanye.

Sai da sakataren kwamiti ya ga gindin kofin sannan ya tuna mana ba a ƙara batu a zaman da aka riga aka buɗe. Za a saurari Rula, ita kaɗai, a zama na gaba, bayan wata uku. Ka kuwa san wanda ya sha gahawa ba shi da sauran baki, an sallame shi.

Takaici ya ishe ni, ɗan'uwa. Da kurɓi biyu na sayar da yarinyar nan.

Gobe Alhamis. Dakta ya aika a sayo kunafa, kuma ni aka zaɓa in yi wa Rula jawabin godiya a madadin kwamiti.

Ka gaida mutanen gida.

Ɗan'uwanka,
Mazin