Ministan Daƙiƙa Arba'in

Kalkata, 3 ga Maris, 1996

Didi Jharna,

Ina taɓa ƙafafunki. Ya jikin Ma, tsohuwarmu?

Kwana uku na kasa zama wuri ɗaya. An kawo mana wurin aiki tsohon fim ɗin nan da ya ci lambar zinariya, wanda Baba ya fito a ciki, wai mu gyara za a sake nunawa. Ni aka ba aikin. Didi, na ƙirga, daƙiƙa arba'in ce! Ya fito daga farar mota, an rataya masa furanni, ya ɗaga hannu, shi ke nan. Ko sunansa babu cikin 'yan wasa.

Ina shekara shida na ɗauka duk wanda fim ɗinsa ya ci lamba, minista ake naɗa shi. Da Baba ya tafi, Ma ta ce aikin ƙasa ne, na yarda. Rediyo na cewa "minista ya ce", sai in hana kowa tari. Har haƙorin abokin wasana Nitai na karya da ya ce shinkafa da kifi aka ba ubana ya shiga motar.

Na daɗe da sanin ba minista ba ne. To ina ya je? Ki tambayi Ma, ko in zo da kaina.

Ƙaninki, Tapash

Bahrampur, 11 ga Maris

Tapash,

Albarkata gare ka. Ma da sauƙi, kuma kada ka kuskura ka tayar mata da wannan zance.

Sai yau ka ga damar tambaya, sarkin ƙirga? Ina shekara goma sha uku makaranta ta kai mu Howrah, tsallaken kogi da Kalkata. A ƙofar wata silima na gan shi yana yaga tikiti. Ya ce, "Jharna, kin yi tsayi." Na ce, "Ranka ya daɗe minista, ina motar?" Har yau bakina na yi mini ɗaci in na tuna.

Da fim ɗin ya ci lamba, ya zaci ƙofa ta buɗe masa. Shekara biyu yana bin masu shirya fim, ba wanda ya dube shi, kunya ta hana shi dawowa. Ya roƙe ni in bar maka ministanka.

Yana raye. Yana gidan tsofaffi bayan tashar jirgin ƙasa ta Howrah, idanunsa sun tafi. Nakan je duk lokacin bikin Puja.

Yayarka, Jharna

Kalkata, 19 ga Maris

Didi,

Na gaishe ki, don dole.

Shekara goma sha ɗaya ina wannan gari, gada ɗaya ce tsakanina da shi, kuna kallona ke da Ma! Sau biyu na je ƙofar gidan na juyo. Mai gadi ya ce, "Tsohon silima? Kullum yana mana labarin doguwar huɗubar da ya yi a fim aka yanke, mu dai dariya muke."

Ba ƙarya yake ba. Na birkice gwangwanayen fim ɗin har na sami guntun da aka cire. Minti huɗu cif yana magana, muryarsa kamar ta cika ɗakin. Na roƙi maigidana a mayar, ya ce ba a taɓa fim mai lamba. Na dai kwafi muryar a kaset. Ga ta a aljihuna, ina ta kai-komo. In na shiga me zan ce masa?

Tapash

Bahrampur, 24 ga Maris

Tapash,

Albarka. Yi fushinka, ka cancanta. Ka fara faɗin sunanka kafin ka kunna. Ka tafi da ayaba, ba ya iya tauna.

Jharna

Kalkata, 31 ga Maris

Didi,

Ina taɓa ƙafafunki. Tsoro ya sa na kunna kafin in ce komai. Tsofaffin suka taru, mai gadi ya daina dariya. Baba ya saurari minti ɗaya, ya ce, "Kashe, na san ƙarshenta. Wane ne ya kawo?" Na faɗa. Ya lalubo fuskata, ya daɗe, sannan ya ce, "Ba sa ba ka abinci a Kalkata?"

Ranar Lahadi zan koma. Ki zo da jirgin safe.

Ƙaninki, Tapash