Awon Dogon Wuya

Zuwa ga Kakana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ciwon ƙafar ya yi sauƙi. Kada ka yi mamakin ganin takarda. Ilimin kwamfuta da sadarwa muke karantawa, amma tun daga bakin ƙofar makaranta aka karɓe mana wayoyi. Ka ji abin dariya.

Tsohon littafin awonka da na aro ya yi mini rana. Malama ta ce kowa ya gina rumbun bayanai na wata sana'a ta gaske, kuma kashi ɗaya cikin uku na makin jarrabawar ƙarshe a kansa yake. Amma Kaka, wane irin tela ne ba ya rubuta sunan mutane? Daga Mai Tari sai Surukin Direba! Wani Dogon Wuya ma sau tara ka rubuta shi, kowanne da awo daban. Malama ta ce maimaici yana cin maki, don haka na bar na ƙarshe a kwamfuta, na goge takwas. Shi wane ne, da ya kasa tsayawa a awo ɗaya?

Jikarka mai yawan tambaya.

*

Zuwa ga amaryata sarkin gogewa,

Bayan gaisuwa, ƙafa da sauƙi, takardarki ce ta tayar mini da ciwon kai. Shekara arba'in ina yanka yadi, ban taɓa auna mutum don nishaɗi ba. Mutum ai ba ƙofa ba ne da za a auna shi sau ɗaya a gama.

Buɗe littafin ki duba layin farko. Hannu inci goma. Wane ƙato kika taɓa gani da hannu inci goma? Yaro ne ɗan shekara huɗu, a kan teburin yanka na tsayar da shi yana ta wutsil-wutsil. Na biyu wandon makaranta ne. Na tara kuwa rigar da ya sa ya je asibiti ya ɗauko ki da aka haife ki. Mahaifinki ne. Bai sake zuwa awo ba, Allah ya jiƙansa.

Ki gaida Malamar taki, ki tambaye ta ko akwatin nata ya san yara suna girma.

Kakanki.

*

Kakana,

Ina gaisuwa. Na yi kuka a ɗakin kwamfuta har ƙawata ta zaci aikina ne ya ɓace. Hotonsa ɗaya tak na sani, ashe wata biyu ina yawo da shi a jaka tun yana ƙarami.

Allah ya taimake ni Malama ta tilasta mana ajiye kwafi, na dawo da takwas ɗin. Sai dai ta ce in na jera su haka nan, makin zai tafi. Kwana uku ina juya abin kafin na gano dabara. Na raba jadawalin biyu, ɗaya na mutane, ɗaya na awo, lamba ta haɗa su. Yanzu shi mutum ɗaya ne mai awo tara. Saura shekarun, don ba ka rubuta ko ɗaya ba, ga shi ranar Juma'a ta sama za a karɓi aikin. Don Allah ka tuno.

Sannan me ya sa kafaɗarsa ta ƙaru da inci uku tsakanin na shida da na bakwai? Na kuma auna hannuna da tef, ya zo daidai da nasa na shida.

Taka har kullum.

*

Amaryata,

Gaisuwa. Shekarun suna bayan takardar nan, ba wadda na manta.

Kafaɗa kuwa, a shekarar ya fara ɗaga ƙarfe don ya burge wata yarinya. Ki tambayi mahaifiyarki ko ya yi nasara.

Awon da kika yi wa kanki ban yarda da shi ba, ba a auna hannu da hannu ɗaya. Ki zo hutu da littafin. Akwai sauran fili a ƙarƙashin layi na tara.

Allah ya ba da sa'a.

Kakanki.