Sailuba Ta Sayi Akori-kura

Lafia,
9 ga Afrilu, 1984.

Zuwa ga Yaya Nababa,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya kai da iyali a Maiduguri, Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki. Inna ta warware daga ciwon ƙafar nan, yara duk ƙalau.

Yaya, albishirinka! Ƙanwarmu Sailuba ta sayi akori-kura, motar tana nan a ƙofar gida, yara sun hana ta sakat. Ka san yadda masu lori ke barin gishirinta a Keana har ruwa ya taɓa shi. Ta rantse bana ba za ta sake jiran kowa ba.

Aikina na farko yau shi ne karɓo babbar rigata daga wurin mai guga, don ta ce in raka ta. Ita kuwa zanen kasuwarta ta ɗaura. Muna isa wurin sayar da motocin, dillalin, wani Sebastian, ya taso yana ce mini Alhaji, ya ba ni kujera da lemo mai sanyi. Ita ya nuna mata benci a rana, har ya ce kada madam ta jingina da mota. Duk abin da ta tambaya game da inji, ni yake ba amsa. Ban ɓoye maka ba, kujerar ta yi mini daɗi, kuma har yanzu ina tuhumar kaina don me na daɗe ban yi magana ba.

Sai ya damƙa mini makulli wai in gwada. Ni da ko keke sai da lallami! Na ce masa mai sayen ga ta can, ita ta iya tuƙi. Ya yi dariya, ya ce mace za ta ƙona masa kuloci. Sailuba ta gyara mayafi ta kama hanya, ga shi babu wata mota irin wannan a garin. Mutumin ya bi ta da gudu, nan take madam ta zama Hajiya. Ta ce za ta gwada, amma yayanta ne a gaba, shi ya hau baya. Yaya, da ka ga yadda ta bi ramukan hanyar Ashige! Muna dawowa ya sauko yana riƙe da ƙugu, ya ce Hajiya direba ce. Mai haƙuri dai shi kan dafa dutse.

Ka gaishe da Yaya Batulu da Ya'akubu da Rahmatu. Inna da Sailuba suna gaisuwa.

Naka ƙane,
Abdulsalami.

Abin da ya rage gobe:
Sayen tamfol da igiya.
Kai wa liman goro ya sa albarka.
Neman matashin zama, don Inna ta ce gaba nata ne, ni baya zan zauna har Keana.