Turaren Inna a Madubin Zuhra

Akébé, Libreville
3 ga Oktoba

Ƙawata Nafissa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mutanen labo, ɗakin bincikenmu na Toulouse. Ya sanyi? Mu nan ruwa ake ta zubawa.

Jikin Baba da sauƙi, irin sauƙin da ake faɗa wa 'yan dubiya. Ɓarin damansa har yau bai motsa ba. Dangi sun zauna sun gano cewa Yaya Mahfuz yana da shago, ni kuwa mai binciken iskar tauraruwar Zuhra ba ni da aikin yi. Haka jinya ta faɗo kaina, hutun sati biyu ya zama wata uku.

Madubin yana nan rufe a akwatinsa. Da na san zan daɗe, da ban taho da shi don ƙarasa awo a jami'ar nan ba. Shekara huɗu ina ƙera shi don ya karanta abin da ke cikin iskar Zuhra, ko numfashi ba a yarda ya taɓa shi ba. Ki ce wa shugaban labo zan dawo da shi kafin ƙarshen wata. In na saɓa, na san na wasu za a ɗora wa kumbon da za a harba zuwa Zuhra.

Taki,
Sakinatu

21 ga Oktoba

Nafissa,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki.

Ina asibiti da Baba, Inna ta shiga ɗakina ta ji warin damina. Ta haɗa garwashi a kasko, ta kifa kabbasa, ta turara kayana kaf. Akwatin ma ta buɗe, don a wurinta kayan tafiya ba sa barin gida babu ƙamshi. Da ta ga madubin ya yi hazo, ta goge shi da gefen zaninta.

Jiya na gwada shi a jami'a. Yana aiki, ƙawata. Ya gano sandal da hawi na turaren Inna, babu kuskure. Ban da su ba ya ganin komai.

Na dawo da niyyar faɗa, sai na tarar tana gaya wa 'yan dubiya cewa turarenta zai je sama. Baba yana murmushi da rabin bakin da ya rage masa, karo na farko tun da ya kwanta. Na zauna na karɓi kwanon kununsa.

Ki ce a ɗora na wasu. Bizata ta komawa Faransa ma Laraba za ta ƙare, kuma Laraba ce ranar da ake yi wa Baba gashin ƙashi a asibiti.

Akwatin yana ƙarƙashin gado. Ɗakin kam sai ƙamshi.

Ki gaida kowa.
Taki har kullum,
Sakinatu