Bambar bakwai kafin gado

Zuwa ga mahaifina, Malam Usman mai gadaje na unguwar Umbadda. Assalamu alaikum, Baba. Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, daga 'yarka wadda kake cewa ta cika gaggawa.

Na zo maka da albishir ne, ko da yake ya zo a makare da wata huɗu. An ɗauke ni a horon nan na gina fuskar shafukan intanet, wato ɓangaren da mutum yake gani yana dannawa. Ka san sau biyu kawai suke bari a gwada shiga, kuma ka san yadda na ɓarar da damar farko.

Ban manta ranar da na kawo maka kwamfuta shago ba, ina ta rawar kai. Na nuna maka wani katafaren shafi mai hotuna suna yawo, na ce aikina ne. Gaskiya kwafo shi na yi ɗungurungum, sunana kawai na liƙa. Ka ajiye igiyar da kake saƙa, ka leƙa ta saman tabarau, ka ce: "Tamam, ya bitti, ya yi kyau 'yata. Warware shi ki sake a gabana."

Na tsaya ina inda-inda. Ka koma kan saƙarka. Ni kuwa da taurin kaina na kai musu shi a haka. Launin maɓalli ɗaya suka ce in canja, na kasa. Daga kasuwar Suk al-Arabi har muka haye gada ina kuka a mota, wata tsohuwa tana ta yi mini ta'aziyya, ta ɗauka rasuwa aka yi mini.

Washegari ka tuna mini ƙa'idar shagonka: ba wanda yake taɓa gadon angarib, babban gadon igiya, sai ya saƙa bambar bakwai, 'yar kujerar nan ta shan shayi. Haushi ya kama ni, wallahi. Ina ruwan kwamfuta da kujera? Amma na bi, na soma gina ƙananan shafuka bakwai a madadin bambar.

Na farko shafi ne mai layi uku, sunana da unguwarmu. Na biyu jerin kayan miyar Inna. Na uku maɓalli ɗaya tak, wanda na yi kwana biyar ina fama ya tsaya a tsakiya, shi kuma yana gudu gefe kamar akuyar maƙwabta. Kowanne na gama sai ka sa in buɗe maka a tsohuwar wayarka mai tsagaggen gilashi. Ba ka san HTML ba, ba ka san CSS ba, amma kana ganin inda ya karkace. "Wannan ƙafar ta fi 'yar'uwarta tsawo," in ji ka. Sai in goge in sake.

Ina kan na shida ciwo ya kwantar da kai a asibitin Soba.

Ranar gwajin ƙarshe malamar da ke gwada mu ta buɗe shafina, ta share rabin abin da na rubuta, ta turo mini kwamfutar. Baba, dariya ta kusa kuɓuce mini. Na mayar da komai layi bayan layi. Na gode maka, na gode da ba ka kunyata ni a gaban mutanen shago ba, na gode da ba ka yi mini sassauci ba.

Na bakwai shi ne na kai musu. Shafin shagonka ne, da hotunan gadaje uku da ka bari a jingine. Malamar ta ce aikin ya yi, sai dai na manta wurin sa farashi. Na ce mata ban manta ba, waɗannan ba na sayarwa ba ne.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ka yafe mini ƙaryar nan da na yi maka, don ban samu bakin roƙonka ba kana raye.

Taka har kullum,
Sa'adiyya