Ɗakin da Ba Ki Kwana Ciki Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, wadda ke kwance a maƙabartar 'Yargoje.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da durƙuso irin wanda ya kamaci ɗa a gaban uwa, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima da yalwar makwanci. Mu nan Faskari lafiya lau muke. Hanne matata tana gaishe ki, da jikokinki biyu. Isuhu ƙanena ma ya aiko jiya daga gida, ya ce gero ya yi kyau bana.

Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko kina da rai ma ba ki san boko ba, ni kaina bara na koye shi a ajin yaƙi da jahilci, da gemuna da komai. Amma shekara talatin da wani abu ban taɓa yi miki magana baki da baki ba, sai ta bakin wani. Yau babu ɗan aike. In wani ya tsinci takardar nan ya karanta, to ya yi miki addu'a.

Ni ne ɗanki na fari, kuma kin riƙe kunyar ɗan fari yadda ban ga wata mace ta riƙe ba. Ana yaye ni Gwaggo ta goya ni zuwa Mairuwa, can na girma. In na zo 'Yargoje gaisuwa na durƙusa bakin ƙofarki, sai ki ja mayafi ki juya wa bango fuska, ki amsa ta bakin duk wanda ke kusa. Sunana kuwa bai taɓa fita daga bakinki ba. "Ku ba wancan fura," haka kike cewa. "Ku ce ma wancan rana ta yi, ya kama hanya." Isuhu yana kwance kan ƙafarki kina tsokanarsa, ni ina tsugune a tsakar gida ina shan furar wancan. Kowa ya ce haka al'ada take, kuma na yarda. Amma wallahi Inna, yarda daban, zafin abin daban.

Da na koyi ɗinki na sayi keke, na zo Faskari na kafa rumfa a kasuwa. Shekara shida muna zaman aro a gidan wani mahauci, ɗaki ɗaya, ni da Hanne da yara da keken ɗinki. A cikin shekarun nan Baba ya rasu, Gwaggo ta bi shi. Sai wata damina katangar ɗakinki ta zube, kika koma raɓe a ɗakin matar Isuhu. Ranar da na ji labarin na ce ko zan daina cin tuwo sai na sayi gida, in gyara miki ɗaki. Ban ɓoye miki ba yau: ba ruwan sama kaɗai nake so in raba ki da shi ba. Na yi tunanin in muna gida ɗaya, safe da yamma, dole wata rana ki manta ki kira ni.

Ashe sayen gida ba sayen yadi ba ne. A garin nan ba mai fitowa ya ce yana sayar da gida, abin kunya ne, sai dai a ji a ƙasa-ƙasa. Na ɗauki goro na je wurin mai unguwa. Ya fara da gaya mini abin da kowa ya sani, cewa ƙasa ta sarki ce, ba a sayenta, gini da azara da ƙyaure kawai ake saye. Na kai goro sau huɗu kafin ya buɗe baki ya ce akwai gidan Malam Barau, wani dattijo da ke shirin tafiya Makka ta ƙasa, ba ya kuma sa ran dawowa.

Na je na ga gidan, raina ya biya. Zaure ɗaya, ɗaki uku na soro, rijiya a tsakar gida, da tsamiya a bayan madafi. Ɗakin gabas yana kallon hantsi. Ina shiga na ce a raina, wannan na Inna ne.

Malam Barau ya karɓe ni da kyau, ya sa aka kawo ruwa, ya tambayi garinmu da sunan mahaifina. Sai ya girgiza kai. Maganarsa tana nan a kunnena: "Yaro, gida ba akuya ba ne. Ni da maƙwabtan nan shekara arba'in muna wanke ma juna gawa. Ba ni barin masu mutumin da ban san gidansu ba." Ya ce in kawo babba daga jinina, wanda zai zauna ya ce wannan nawa ne, na san halinsa, na tsaya masa.

To wa zan kawo? Baba ya tafi, Gwaggo ta tafi, baffannina sun watse cin rani ba a san inda suke ba. Isuhu ƙanena ne, ƙane ba ya tsaya wa wa. Na kai mahaucin da nake zaune gidansa, Malam ya ce shekara shida ai baƙunta ce. Ke kuwa ko a mafarki ban kawo ki ba. Matar da ba ta iya kallon fuskata, ita za ta zauna gaban baƙo ta ce ni nata ne? Na koma sau biyu, sau biyu ana sallamata da addu'a. Na dawo rumfa ina ta huci, har na ɓata wa wani wuyan riga.

Bayan kamar sati uku sai ga aike, Malam Barau na nemana. Na tarar da mai unguwa da liman da maƙwabta biyu a zaure. Ba wani dogon zance, ya ce ya amince. Aka yi ciniki gaban shaidu, aka ce Allah ya sa albarka, aka raba goro, aka shafa fatiha. Sai aka tashi aka zaga da ni gidan katanga-katanga. Aka nuna mini wadda ke tawa da wadda muka haɗa da maƙwabci, da inda ruwan damina ke bi ya fita ta gidan na kudu, aka ce kada in kuskura in toshe. Aka gaya mini gida uku ke ɗiban ruwa a rijiyar tun kafin a haife ni, kuma haka za a ci gaba. Kashegari muka je wurin alƙali, magatakarda ya rubuta takarda da ajami, shaidu suka dangwala yatsa.

Ni kuwa sakarai sai na ɗauka wayona ne. Na ɗinka wa mai unguwa riga kyauta a tsakanin nan, na ce lalle ita ta yi aiki. Har na riƙa yi wa Hanne alfahari, ina cewa zama da manya sai an iya. Ita dai ta ci gaba da aikinta.

Na fara da ɗakinki kafin nawa. Na sa aka sake yaɓe, mata suka zo suka yi daɓe suna waƙa, aka shafe bango da farar ƙasa. Na sayi gadon kara sabo da tabarma da randa. Labulen ƙofar da hannuna na ɗinka shi, na ɓata yini guda a kansa, abin da ban taɓa yi wa labulen kowa ba.

Na aika wa Isuhu ya gaya miki. Amsa ta dawo gajera: "Ku ce ma wancan Allah ya sanya alheri. Ni ina nan."

Ban yarda ba, na ɗaura jaki na zo da kaina. Na durƙusa bakin ƙofa na yi ta bayani, rijiya, tsamiya, ɗakin da ke kallon hantsi. Kina ciki kin ja mayafi. Matar Isuhu ce ta fito ta ce, Inna ta ce ta ji ta gode, amma a ce ta tare gidan ɗan fari tana cin tuwon matarsa, da wane ido za ta kalli mutane? Nan zuciya ta ɗebe ni. Na miƙe ban yi sallama ba, na ce da ƙarfi yadda za ki ji, ai dama ni ba ɗan gidan nan ba ne. Furar da aka dama mini ko kallonta ban yi ba. Wannan ita ce magana ta ƙarshe da kika ji daga bakina.

Shekara ɗaya da rabi ban taka 'Yargoje ba. Ina aika gishiri da zane da kanwa, ina cewa na sauke nauyi. Hanne ta ce a sa yara a ɗakin gabas, na hana. Na bar shi a rufe, ni ba na shiga, kowa ba ya shiga.

Cikin marka aka aiko ba ki da lafiya. Na ce bari in gama ɗinkin da ke hannuna. Kwana biyu aka sake aikowa. Na kama hanya, rafi ya cika ya tare mu har la'asar, kafin in iso an dawo daga maƙabarta. Na zauna cikin maza ana yi mini gaisuwa a matsayin babban ɗa, ni kuwa ko hawaye ya ƙi zuwa. Kunya ce ta cika ni, da wani ɗaci da ban san inda zan kai shi ba.

Bayan arba'in sai muka yi baƙuwa. Baba Hajo ce, matar Malam Barau. Ita ba ta bi shi Makka ba saboda ciwon ƙafa, tana zaune wurin 'yarta a Sabuwa. Ta ji rasuwarki ta zo gaisuwa. Na yi mamaki, na ce ina ta san ki? Ta dube ni ta ce, ashe har yau ba a gaya maka ba.

Ita ta ba ni labarin, Inna. Ashe Hanne ta gaya wa matar Isuhu halin da nake ciki a wani wurin suna, ke kuma kika ji. Kika ce za ki Pauwa duba 'yar'uwarki, kika ɗauki sanda kika yo Faskari a ƙasa. Tafiyar da ƙato ke yi yini guda, kika yi ta kwana biyu. Kika yi ta tambaya har gidan Malam Barau, kika shiga da ƙafa a kumbure. Baba Hajo ta shimfiɗa miki tabarma a ɗakinta, ɗakin gabas ɗin nan.

Malam ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa. Kika ce kin zo ne kan maganar wancan, mai ɗinki. Ya ce masu ɗinki a Faskari suna da yawa, wanne? Kika ce na 'Yargoje, ɗan marigayi. Ya gane sarai, amma ya ce shaida ba ta yiwuwa da wancan, in za ki tsaya wa mutum sai kin ambace shi. Baba Hajo ta ce kin jawo sandarki har ta ɗauka tashi za ki yi. Sai kika sunkuyar da kai kika ce: "Lawal. Lawal nawa ne, ni na haife shi. Yana da zuciya, amma ba shi cin amanar maƙwabci."

Ta ce daga nan bakinki ya buɗe. Kin san shekarar da na sauke Alƙur'ani a Mairuwa, kin san tabon da ke ƙafata da abin da ya jawo shi, kin san ba na cin kuɓewa. Kika leƙa rijiya kika sa aka ɗebo kika ɗanɗana. Kika roƙe su don Allah kada su gaya mini. Da za ki koma kika bi ta kasuwa, Baba Hajo ta raka ki, kika tsaya bayan masu tukwane kina kallona ina taka keke, ni ban ɗaga kai ba.

Inna, a gaban tsohuwar nan na yi kukan da ban yi a 'Yargoje ba. Na ce don Allah ta sake faɗa mini yadda kika faɗa. Ta faɗa. Na ce ta ƙara. Ta ƙara har sau uku, baiwar Allah, tana ƙoƙarin kwaikwayon muryarki. Amma muryar ba taki ba ce, kuma Malam Barau da ya sa kika faɗa yana can hanyar gabas, ba a san ko yana da rai ba.

Na tuba, Inna. Na ce ni ba ɗan gidanki ba ne, alhali gidan da nake taƙama da shi da bakinki aka ba ni. Ki yafe mini. Na roƙi Isuhu ya gaya mini ko kin ambaci maganar kafin ki cika, ya ce abin da kika ce kawai shi ne, rafi ya cika, kada wancan ya yi gangancin tsallakowa.

Ya Allah ka jiƙan mahaifiyata, ka haskaka kabarinta, ka sanyaya ƙafafun da suka kumbura domina. Ka yafe mini abin da na faɗa a bakin ƙofarta. Ka ba ta gida a Aljanna wanda ya fi wanda ta nema mini, kuma in tawa ta zo, ka sa in cancanci a bar ni in durƙusa bakin ƙofarsa. Amin.

Ni ne naki, wanda kika tsaya wa,

Lawal