Darasin da Sabo Ya Riƙe

Daren Laraba, Kutama, tsakiyar rani.

Tun da aka sallame mu daga koyarwa a zamanin tsuke bakin aljihu, ba wanda ya taɓa tambayar yadda nake ci da iyalina. Yau a kasuwar Gwarzo, Sabo tsohon ɗalibina ya fito daga mota ya durƙusa. Kansila ne yanzu, har gemu ya ajiye tun da aka ƙaddamar da Shari'a.

"Malam, ai duk abin da na zama, daga gare ka na yi deriving," in ji shi.

Na ce, "Allah ya yi albarka." To me zan ce?

Ni na koya wa 'yan ajinsu kalmar nan ta Turanci, derive. Na ce ma'anarta samo asali, ko tsamo abu daga tushensa. Har na yi musu burga cewa a harshen Latin asalinta a haƙa hanya a janye ruwa daga rafi. Ashe wannan kaɗai Sabo ya riƙe. Shi ne ya datse rafinmu daga sama, ya karkatar da ruwan zuwa gonarsa ta rake.

Da la'asar na biya ta lambuna da ke shan ruwan rafin. Albasar ta bushe duka, ko kwando ɗaya ba zan cire ba.